Abin da Na Ƙulle a Gyalena Ranar Addu'ar Kaka Madalen

Ba zan taɓa mantawa ba, abin da idona ya fara kamawa da na isa ƙofar cocin shi ne babu takalmi ko ƙafa ɗaya a waje. Na saba ganin silifa jibge a bakin masallaci, wasu a kife, wasu an ɗora ɗaya kan ɗaya don kada a yi musaya. Nan kuwa dandamalin siminti ne fes, har ana ganin sawun tsintsiya. Ni kuma na riga na sunkuya na cire nawa na riƙe a hannu. Jandarman da ke zaune a bakin ƙofar shiga yana duba jakunkunan mutane ya dube ni, ya dubi takalman. Na mayar da su a hankali kamar dama tsakuwa nake kakkaɓewa (wannan ƙaramar kunyar ranar ce, babbar tana gaba).

Rasuwar kakata ce ta kai ni. Kaka Madalen mahaifiyar Innata ce, kuma ƴar Katolika ce tun tana yarinya har ta koma ga Mahaliccinta. Inna ta musulunta kafin ta auri Baba, wanda ke noman tattasai a bakin kogin Komadugu. Kaka ba ta musulunta ba, ba ta kuma taɓa yin kamar za ta yi ba. Tana zaune a ɗakin ƙarshe na gidanmu a Diffa, kusa da inda ake ɗaure akuya, tun kafin a haife ni.

Daga kudancin Cadi take, wani ƙauye da ta ce in damina ta yi ciyawa takan shanye mutum tsaye, sai dai ka ga tulun da ke kansa yana tafiya. Ta ce ranar Lahadi tun duku-duku suke fita, ita da ƴan'uwanta, su ratsa ciyawar nan da raɓa har zuwa gidan mishan, takalma a ka, ƙafa a ƙasa. Sai sun iso ƙofar coci su goge ƙafa su saka. Mijinta magini ne, aikin hanya ya kawo su nan, nan ya mutu, ita kuma ba ta koma ba. Hausarta har ta rasu ba ta miƙe ba. Namiji ta ce masa ke, mace ta ce mata kai, babu wanda ya isa ya gyara mata.

Ni ba mai magana ba ce. A lekol in malam ya kira sunana sai muryata ta maƙale a wuya, ko na san amsar. Amma ina kallo. Kaka ce ta sa mini suna Mai-ido. Na san ƙwayar carbinta ɗaya ta ɓace ta maye ta da ƙwallon kurna. Na san ba ta cin nama ranar Juma'a, sai bandar kifi, kuma miyar kifin nan Gwaggo Falmata, yayar Baba, ba ta taɓa ci a gabanta ba, sai ta aiko da kwano ta bayan katanga a ce wai na yara ne. Na san lokacin girbi, in an baza tattasai yana bushewa har ƙasa ta yi ja, Kaka ce ke fara zama cire hanci, ita ce ke tashi ƙarshe, hannuwanta na zafi har sai ta tsoma su cikin tsamin nono. Da azumi ita ke buga mana ƙofa mu tashi sahur, tana cewa, "Ku tashi, Allahnku yana jira, nawa ya ce in taimaka." Shekarar da ƴan gudun hijira suka tsallako kogi da kaya a ka, wata mata da ƴaƴanta sun zauna a ɗakinta har damina ta zagayo. Kaka ba ta tambaye ta ko wace addu'a take yi ba, ta dai tambaye ta ko tana cin yaji.

In ta durƙusa da safe gaban ƙaramin hoton Maryamu, takan jero sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Ina jin nawa. Ina jin na Gwaggo Falmata ma.

Duk wannan na gani. Amma ban taɓa buɗe baki na tambaye ta me ake yi a cikin cocin da take zuwa duk Lahadi ba. A gidanmu ba a hana maganar ba, ba a dai yin ta.

Ta rasu ƙarshen damina, kogi cike. Mutanen cocinsu suka zo da mota suka ɗauke ta, suka yi mata nasu. Baba ya raka su har bakin maƙabarta ya tsaya a waje. Masu zuwa gaisuwa kuwa na lura da su sarai: sai mutum ya ɗauko "Allah ya ji..." ya tsaya a tsakiya, ya yi tari, ya ƙare da "sai haƙuri". Matan da Kaka ta karɓi haihuwar ƴaƴansu ne fa.

Bayan ƴan makonni Mama Rozali ta zo. Aminiyar Kaka ce, gajeriya mai ƙaton tabarau, tana cikin masu waƙa a coci. Ta gaishe da kowa, ta sha ruwa, sannan ta ce ranar Lahadi za a yi addu'a ta musamman da sunan Madalen, kuma a al'adarsu dangin mamaci sukan zo, ko da mutum ɗaya ne.

"Kada a kira sunanta a waiga a ga benci babu kowa," in ji ta.

Tana fita Gwaggo Falmata ta leƙo.

"Wa zai je? Matar ƙanena a coci? Gobe a ce me a kasuwar tattasai?"

Baba ya ce injin ban-ruwa yana ba shi wahala, ba zai iya barin gona ba. Inna ta ci gaba da tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Ni kuwa na tsaya tunani. Matar da ta yi shekaru tana tashe mu sahur, a ce an rasa mai zama mata a benci na safiya ɗaya? Da Gwaggo ta tafi na je bayan Inna na ce, ƙasa-ƙasa, ni zan je.

Ranar Lahadi da safe Inna ta jawo ni ɗakin Kaka ta rufe ƙofa. Ta ɗauko zanen Kaka na ƙungiyar matan coci, shuɗi mai hoton Maryamu a jiki, ta ɗaura mini. Ta lulluɓa mini babban gyalenta a sama har ƙasa.

"Kada ki bari iska ta ɗaga shi sai kin fita unguwa."

"Inna, in na je me zan yi?"

"Abin da kika ga suna yi."

Shi ke nan abin da ta faɗa mini. Ku riƙe wannan.

To ai kallo sana'ata ce. Na shiga na zauna a bencin baya, na zaɓi wata mata mai jan ɗankwali a gabana na ce yau ke ce limamiyata. Ta tsoma yatsa a ruwan bakin ƙofa, ni ban tsoma ba, amma na lura. Ta tashi, na tashi. Ta zauna, na zauna. Ta durƙusa, na ɗan zame daga benci don kada in zama ni kaɗai a sama. Da aka ce a gaisa, kowa ya juyo yana miƙa hannu, na miƙa wa matan, na yi kamar ina gyara gyale da wani dattijo ya miƙo nasa. Har na fara jin daɗin kaina. Na ce ashe abin ba wuya.

Limamin, wanda suke kira Momper, baƙo ne, daga Damagaram ya zo riƙon ƙwarya don nasu ya yi tafiya. Ya yi magana da Faransanci, wani mutum mai farar riga, malamin cocin, yana juyawa da Hausa. Da aka zo kan Kaka, Momper ya kira sunanta cikakke, wanda ban taɓa ji ba. Ya ce an gaya masa babu Lahadin da ta taɓa fashi sai ta ciwon ajali, kuma ita ke wanke zannuwan bagadi da hannunta. Sannan ya tambaya ko akwai danginta.

Mama Rozali daga can gaba cikin masu waƙa ta ɗaga hannu ta nuno ni. Duk cocin ya waigo. Na miƙe, gyalen ya buɗe, hoton Maryamu ya fito sarai. Na ji ana "ayya, jikarta ce", wata ta ce "ga goshin nan". Na zauna, wallahi na ji na yi wani abu. An waiga ba a ga benci ba.

Da na san haka ne, da na tashi a lokacin na kama hanyar gida da mutuncina.

Can wajen ƙarshe aka kaɗa ƙararrawa, aka durƙusa, aka yi tsit. Sai aka fara waƙa mai sanyi da ƴar ganga, mutane suka fito suka yi layi zuwa gaba. Mai jan ɗankwali ta tashi. Na leƙa na ga Momper riƙe da kwano mai ruwan zinariya, yana ba kowa wani abu fari, zagayayye, siriri kamar takarda. Nan take na gane (haka na ce wa kaina, na gane). Addu'ar mamaci aka yi, an gama, yanzu ana rabon sadaka. A wajenmu ma in an yi addu'ar bakwai ko ta arba'in ai akan raba dabino ko gumba ko masa. Nasu dai ƙarami ne, na ce ƙila don mutane da yawa. Kuma in ana rabon sadakar Kaka, jikarta ta zauna ta ƙi karɓa, ai raini ne.

Gaskiya na lura wasu ba su tashi ba. Na ɗauka masu jin nauyi ne irina, har na yi alfahari na fi su ƙarfin hali.

Na shiga layi. Na kalli yadda ake ɗora tafin hagu kan na dama, na ɗora. Na ji kowa na cewa Amin, na shirya tawa. Da na iso, Momper ya dubi fuskata, ya dubi zanen, ya ɗaga farin abin ya faɗi wasu kalmomi. Na ce Amin. Ya ɗora mini a tafi. Na rusuna na ƙara da "na gode, Allah ya ba da lada", abin da ban ji kowa ya faɗa ba, amma na ga rashin tarbiyya ne a karɓi abu hannun babba a wuce.

Na ga dai mai jan ɗankwali ta kai nata baki nan take. Amma ni? In tsaya gaban babban mutum namiji, gaban jama'a, in buɗe baki in ci abu? Ko gaban Baba ba na tauna. Ban da haka, tun a layi na riga na yanke shawara. Sadakar uwar Inna ce. Inna ba ta zo ba, ba ta ji an kira sunan ba, to aƙalla ta ɗanɗana. Na juya na kama bakin gyale na sa shi a ciki na ƙulle, na sake ƙullewa, na ja da ƙarfi, yadda Kaka ke ƙulle goronta.

Ganga ce ta fara tsayawa. Sannan muryoyin suka yanke ɗaya bayan ɗaya, aka bar wata tsohuwa ita kaɗai tana jan baiti har ita ma ta farga.

"Ke, yarinya," in ji malamin cocin. "Ke mai gyale. Tsaya."

Wani mai hankali zai tsaya. Ni na ƙara sauri. Na ji takunsa a bayana, na ƙara. Na wuce bencina ban ma gan shi ba, ƙofa kawai nake hange. Ya zagaya ta gefe ya riga ni, ya tsaya a bakin ƙofar ya ware hannuwa kamar mai tare akuya. Jandarman waje ya miƙe yana leƙe.

"Ina kika sa shi?"

Muryata ta yi abin da ta saba. Na damƙe ƙullin a hannu na sunkuyar da kai.

"Fita za ta yi da shi," wata ta ce daga benci. "Haka suke yi, a kai wa boka."

"Jikar Madalen ce fa," wata ta amsa mata.

"To sai me? Gidan da ko gawarta ba su bi ba? An turo ta ne."

Wannan maganar ta fi komai ƙona ni, don rabinta ƙarya ce, rabinta kuma ba ni da bakin musawa. Na zo ne don kada a ce Kaka ba ta da kowa. Ga shi yanzu ana cewa tana da su, ɓarayi ne.

Mama Rozali ta ratso mutane tana haki, tabarau a karkace.

"Ku matsa mata. Ke Sesil, rufe bakin nan, a ɗakin Allah kike." Ta kama hannuna. "Ƴata, kwance."

Na yi ƙoƙari. Ƙullin ya ƙi. Yatsuna sun jiƙe da gumi, na ja wannan gefe ya ƙara shigewa. Na kai shi baki zan sa haƙori, sai na ji cocin gaba ɗaya ya ja numfashi, malamin ya riƙe mini hannu. Mama Rozali ce ta cire fil daga ɗankwalinta ta zauna tsintar ƙullin a hankali, kowa na kallo, ni tsaye kamar an ɗaure ni da gyalena. Momper ya sauko da kansa ya bar layi yana jira. Da ƙullin ya buɗe, abin ya karye biyu. Ya ɗauka da yatsu a hankali ya sa a bakinsa, ya rufe ido. Aka kawo ruwa a ƙaramin kwano ya ɗauraye bakin gyalen a ciki, don ko ɓurɓushi ba a bari.

Sannan ya yi tambaya, malamin ya juya mini.

"Wai me ya sa?"

"Sadakar Kaka ce," na ce, da kyar. "Inna zan kai wa."

Wani saurayi a baya ya fashe da dariya, aka ƙwaɗe shi. Ita Sesil ɗin ta kau da kai. Momper ya daɗe yana kallona, ya dafa kaina, ya koma ga layinsa. Ganga ta ɗauka, amma ba kamar da ba.

A waje, ƙarƙashin dogonyaro, Mama Rozali ta bayyana mini. Ta ce wannan ba sadaka ba ce, ba ma abinci ba ne a wajensu. Shi ne abu mafi tsarki da suke da shi, jikin Yesu suke ce masa. Ba mai karɓa sai wanda aka yi wa baftisma ya kuma yi karatunsa, kuma nan take ake ci. Ta ce Kaka takan kwana da shirinsa, ba ta sa komai a baki da safe sai ta karɓa. Ni kuma na ƙulle shi kamar goro.

"Ban sani ba, Mama."

"Na san ba ki sani ba. Wadda ta ɗaura miki zanen nan ita ta sani. Ranar da uwarki ta fara karɓa, ni na ɗinka mata farar riga. Ta fi kowa hadda a ajinsu."

Kafin mu rabu ta ce farkon wata mai zuwa akwai ranar da kowane gida ke zuwa maƙabarta ya share kabarin nasa, ya cire ciyawa. Ta ce za ta yi na Madalen in ta gama na mijinta, in gwiwa ta bar ta.

Hanyar gida ban ga komai ba, ni da nake ganin komai. Kunyar ta bi ta zama wuta. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗe.

"Me ya jiƙa miki gyale?"

Na faɗa mata, tun daga layi har fil. Ban taɓa jera magana mai tsawo haka ba a rayuwata. Ta ajiye rariya. Ta toshe baki da hannu, kafaɗunta suka fara rawa.

"Kika ce masa Allah ya ba da lada?"

"Inna, ba abin dariya ba ne."

"Kika gudu?"

"An ce ɓarauniya ce ni. An ce turo ni aka yi. Kin san komai na wurin nan, Mama Rozali ta gaya mini har farar riga. Kalma ɗaya ce, ki ce kada in shiga layi. Kika ɗaura mini zanen Kaka kika tura ni kamar makauniya."

Dariyar ba ta tsaya ba, ta dai canza. Hawaye na sauka kan garin da ke hannunta suna yin ɗigo-ɗigo.

"In na fara gaya miki ɗaya," ta ce, "sauran duk za su taso."

Sai ga muryar Gwaggo Falmata ta bayan katanga.

"Lafiya kuke dariya ku kaɗai?"

"Ba komai, Yaya," in ji Inna, tana goge fuska da sauri. "Shirmen yara ne."

Shirmen yara. Na tsaya ina kallonta, na ji kamar in kwance zanen nan in shanya shi a kan katangar, hoton yana fuskantar gidan Gwaggo. Ban yi ba (har yau ina ɗan nadama).

Darasi dai na koya, kuma da tsada. A Diffa an saba in an ga layi a shiga tukuna, a tambayi abin da ake rabawa daga baya. Ni yanzu ko layin famfo ne sai na tambaya. Na kuma gane mutum zai iya shekaru yana ƙirga ƙwayoyin carbin kakarsa bai san me take faɗa a kansu ba. Mai-ido, wai. Ido ne kawai, babu baki.

Na shiga ɗakin Kaka na cire zanen na ninke. Da na fito Inna ta koma tankaɗe, ba ta ɗago ba. Na durƙusa kusa da ita, ban rage murya ba ko da Gwaggo na ji.

"Farkon wata ana share kaburbura. Mama Rozali gwiwarta ba ta da kyau. Ba na so wata ta cire wa Kaka ciyawa alhali ƴarta na nan da rai. Ba coci za ki shiga ba, Inna, ba wanda zai ce ki durƙusa. Ki ɗauko tsintsiya kawai ki zo mu je."